Kafso a Ƙwaryar Gwaggo

Na buga rufin mota har tafin hannuna ya yi zafi, Oga bai tsaya ba. Ina can saman lodi bisa buhunan tattasai, mun baro Shetimari mun nufi Diffa, cikina yana murɗawa kamar ana matse wanki. Na zuro kai ta gefen tagarsa na yi ihu.

"Oga! Don girman Allah!"

Ya taka birki, buhuna suka girgiza, ƙaurin tattasai ya tashi ya shige mini hanci. Ko atishawa tsoron yi nike, don na san abin da za ta jawo.

"Kai kuma? Ba yanzun nan muka tsaya maka ba? Motar tattasai na ɗauko ko motar masai?"

Na diro na ruga bayan wata aduwa. Da na dawo na iske shi ya sauko, ya jingina da taya yana kallona. Ba kallon faɗa ba ne, da ma shi ne da ya fi mini. Wandona yake kallo, wanda na ɗaure da igiyar buhu don bel ɗina ya ƙare ramuka.

"Tun yaushe abin nan?"

"Tun kafin azumi, Oga."

"Kafin azumi." Ya rage murya. "Kai, faɗa mini gaskiya, ni ubanka ne a hanya. Wace ka bi a Yarwa?"

Na rantse mishi ban bi kowa ba. Ya ce to, in mun sauke kaya in tafi gida in huta, in na warke motar tana nan. Sannan ya miƙa hannu ya cire kofin da ke rataye jikin bido, jarkar ruwanmu, wanda ni da shi muke sha da shi, ya sa a aljihun ƙofarsa. Ya yi kamar gyara wuri yake. Na gani.

Ni dai tun ina ƙarami ban iya zama ba. Lakwal, makarantar boko, na bari tun ban kai ajin satifika ba. Baba, wanda ya zo daga Damagaram ya buɗe shago a kasuwar Diffa, ya zaunar da ni bayan kanta, na gudu. Na yi gadin injin ban ruwa a bakin Komadugu, na yi kabu-kabu da babur ɗin wani. Aparanti, wato yaron mota, shi ne kaɗai aikin da na daɗe a ciki, don ita mota ba ta zama wuri ɗaya. Mu loda tattasai a ƙauyukan kwari, mu ƙetara Damasak, mu kai Yarwa, mu dawo da siminti da taliya.

Ranar da na fara, Oga ya koya mini abu biyu: sa wa taya waigi, da shan kafso. Ya ce ɗan hanya yana shan ruwan gari goma, kowane ruwa da halinsa, in ba ka wanke ciki ba ruwan baƙon gari zai kwantar da kai. Kowace safiya a teburin mai shayi za ka ga 'yan mota sun jeru, kowa ya zaro kafso mai ja da rawaya, ya buɗe shi, ya zazzage garin cikin shayi da madara. A faranti ake sayar da shi a tasha, gefen cingam da batir. Wasu sai ranar tafiya suke sha. Ni da ba na yin abu rabi, kullum nike sha, har ranar da ba mu fita ba.

Da gudawa ta fara sai na ce to, ruwan wani gari ya fi ƙarfin guda ɗaya. Na koma sha safe da yamma. Ta ƙaru, na ƙara. Kowa ya san kafso maganin gudawa ne, me kuma zan sha?

A shekarun nan in saurayi ɗan hanya ya rame yana zawo, ba a tambaya. Rediyo kullum maganar sida yake, ciwon ƙanjamau. A unguwarmu akwai wanda ya dawo daga Legas kamar sillen kara, bai ga damina ba. Samari suna ce wa ciwon kabari-kusa, suna dariya, ni ma na yi dariyar da su. Kuma ina da abin da ke cina a rai. Wata rana zazzaɓi ya kama ni a Damasak, na je wurin mai allura na tasha. Allurarsa a gwangwanin sardin take kwance cikin ruwa, da ita ya soki mutumin da ke gabana, da ita ya soke ni. In na rufe ido gwangwanin nan nike gani.

A gida ba wanda ya ce mini komai. Inna ta yi mini sannu, ta dama mini kunu. Sai dai kofin da ƙanwata ta kawo mini an ɗaura mishi jan zare a mariƙi.

"Wannan fa? Kwalliyar salla ce?"

Ta sunkuyar da kai. Ƙanwar nan tawa tana kolej a lokacin, baki gare ta kamar reza, amma ranar ƙasa-ƙasa ta yi magana.

"Inna ce ta ce, Yaya. Wai don kar ya ɓace."

"Kofin roba? Ɓarayin Diffa sun talauce ke nan."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Da aka gama abinci na ga ta wanke kwanona daban, a bakin rariya, da ruwan zafi. A fadarmu ma, inda muke shan shayi ƙofar wani tela, ɗan kofin gilashin da ke zagayawa baki-baki ya daina biyowa ta wurina. Mai dafawa ya zuba mini nawa a murfin fulas, ya ce ai na babban baƙo ne. Ban sake zuwa ba.

Baba ne ya yanke shawara. Ya ce iskar ƙauye za ta fi mini, in tafi wurin ƙanwarsa. Ban san ko jinya ya aike ni ba ko ɓoyo. Ni dai da na hau mota na ɗauka ba zan sake ganin titin gudron Diffa ba.

Gwaggo tana aure a wani ɗan ƙauye bayan Shetimari, dab da kogi. Mijinta Babarbare ne manomin tattasai, ita kuma ta daɗe a cikinsu har Hausarta ta karkace. Tana da 'yan shanu, tana kai nono kasuwa. Da ta gan ni ta riƙe haɓa, ta yi mini sannu da Barbarci.

"Wushe, wushe. Kai ne haka? Ɗan Yaya, mota ka tuƙa ko mota ta tuƙa ka?"

Ba ta ɗaura wa komai zare ba. Mijinta ya ja ni akushi ɗaya muka ci burabusko, ina ɗibar gefe-gefe ina janye hannu, shi yana turo mini miya. Jikokinta biyu suna hawa jikina. Abin da ya kamata ya faranta mini rai, shi ya hana ni sakewa. Na ce mutanen nan ba su sani ba ne. Ni na sani, kuma na yi shiru ina cin abincinsu.

Gwaggo tana da wata tsohuwar ƙwarya, baƙa ƙirin, an ɗinke ta a gefe. Ba ta taɓa sa mata sabulu ba, ɗauraya kawai da shanya. A ciki take zuba madarar yamma, ta ɗebo ludayi ɗaya na nonon jiya ta zuba, ta ce iri ne, ta rufe da faifai. Kafin gari ya waye ya kama, ya yi kauri har ludayi ya tsaya.

Wata la'asar ta dama mini fura. Na sha da ludayi, na ajiye. Ina zaune ina kallo ta ɗauki ludayin nan nawa, ko ɗauraya babu, ta ɗebo iri da shi, ta tsoma cikin baƙar ƙwarya ta juya. Miyauna ke nan ya shiga. Gobe yaran nan za su sha, sauran a kai kasuwa, mutanen da ban sani ba su saya. A rediyo sun ce ba a ɗauka ta kofi, amma in haka ne, me ya sa uwar da ta haife ni ta ɗaura zare?

Da ta fita ɗaure maruƙa na shiga ɗakin. Na zaro kafso daga aljihu, duk wanda ya rage a leda ɗaya, na buɗe su na zazzage cikin madarar, na juya da kara, na mayar da faifai. Na ce ko mene ne ya fita daga bakina, wannan ya kashe shi. Har na ji sanyi a rai.

Da safe salatin Gwaggo ya tashe ni.

"Innalillahi! Ku zo ku ga abin da ban taɓa gani ba!"

Madarar tana nan tsululu yadda aka zuba ta, ba ta kama ba, ta yi wani rawaya-rawaya. Gwaggo ta ɗanɗana ta tofar. Mijinta ya leƙo ya ce ko shanu sun ci ganyen da aka yi wa feshi, don makon nan aka fesa wa tattasai magani. Ta ce shanunta ba su je ko kusa ba.

"Na san wadda ta yi. Matar can ta bayan danga. Jiya ta shigo aron turmi, ta tsaya tana kallon ɗakin nan, wai ke kam nononki ba ya kwantai. Baki ne! Yau za ta san 'yar Damagaram ce ni."

Ta ɗaura gyale a ƙugu ta nufi ƙofa. Na sha gabanta.

"Gwaggo, ni ne."

"Kai ne me?"

Na nuna mata ɓawon kafson. Ta dube su, ta dube ni.

"Ɗan nema! Me nono ya yi maka? Irin nan tun ina amarya uwar mijina ta ba ni shi. Fari bai kashe shi ba, ambaliya ba ta kashe shi ba, sai kai da ka zo da wandonka a hannu?"

"Da ludayina kika juya."

"To sai me? Kuturu ne kai?"

"Gwaggo, sida gare ni."

Ranar na fara faɗin kalmar da bakina. Na zauna a ƙasa. Mijinta ya juya ya koma waje. Gwaggo ta tsaya a kaina, ƙwarya a hannu.

"Wa ya auna ka?"

"Ba kowa."

"To wa ya ce?"

"Kowa."

"Kowa likita ne? Tashi. Tashi, na ce! In mutuwa ce ma sai mun ji sunanta daga bakin mai farar riga."

A amalanken shanu muka tafi likitar Shetimari, ɗan asibitin garin, ita riƙe da ƙwaryarta a cinya, wai sai an gaya mata abin da ya kashe mata iri. Sau biyu aka tsaya mini a hanya. Majon da muka samu, malamin asibitin, wani siriri ne mai tabarau, ga alama ya gaji tun safe. Gwaggo ta ɗora mishi ƙwarya bisa tebur, kan takardunsa.

"Hajiya, nan ba kasuwa ba ce."

"Ba sayarwa na kawo ba. Duba aikin ɗanku."

Ta ba shi labari, har da na matar bayan danga. Ya ɗauki ɓawon kafson ya juya, ya tambaye ni nawa nike sha, tun yaushe. Da na faɗa mishi ya cire tabarau ya murje ido.

"Kai, ka san me ke sa madara ta zama nono?"

"Kwana."

"Wannan ma ai ta kwana. Akwai wasu 'yan halittu masu rai, ido ba ya ganinsu. Su ne irin da gwaggonka take zubawa. Su ke cin madara su mayar da ita nono. Ka zuba musu kafso, sun mutu. To irinsu suna nan cike da hanjinka, tun kana goye. Su ke taya ka narka abinci, su ke tare wa miyagu wuri. Shi kafso ba ya tambayar wane ne na gida wane ne baƙo. Kusan shekara kana yi wa cikinka abin da ka yi wa ƙwaryar nan jiya."

Na leƙa ƙwaryar. Ruwa tsululu, ƙuda ma ya ƙi sauka.

Ya tambayi ruwan da muke sha a mota. Na ce na bido ne. Wane bido? Na ce irin shuɗin nan da maganin feshin tattasai ke zuwa a ciki, amma mun wanke shi da omo. Ya dubi Gwaggo, ya dubi silin. Sannan ya ce in gaya wa Oga ya huda bidon ya yar.

"Ke nan ba ita ba ce, Majo?" Sida nike nufi, ya kuma gane.

"Ban ce ba ita ba ce. Allurar nan da ka faɗa, ba zan ce maka ba komai ba. Jini ne zai faɗa, kuma sai Diffa ake aunawa. Abin da na sani, ko ita ce ko ba ita ba, in ka ƙara haɗiyar kafso ɗaya kai ka sani."

Na so ya yi mini ƙarya, bai yi ba. Ya rubuta takarda, ya ce in riƙa shan ruwan gishiri da sukari, in ci abin da ciki zai riƙe, kunu, koko mai tsami, nono in an tafasa madarar kafin a sa iri.

"Wane nono?" in ji Gwaggo. "Ya kashe."

Washegari aka ɗebi jinina a babbar likita ta Diffa, aka ce in dawo bayan kasuwa mai zuwa. Ban bi ta gida ba. Muka koma ƙauye. Gwaggo ta wanke ƙwaryarta da toka, ta shanya ta a rana, sannan ta ɗauki ɗan ƙoƙo ta zagaya bayan danga. Ina jin ta tana wushe-wushe da murya mai daɗi, tana tambayar lafiyar yara. Ta dawo da iri tana harara ta.

"Ka ga abin da ka ja mini. Roƙo wurin mayya."

"Ai kin ga ba ita ba ce."

"Wannan karon."

Kwanakin jiran nan ba na fatan su ga maƙiyi. Da safe hannuna da kansa yake zuwa aljihu neman leda. Ba kafso, sai in ji kamar na fita ba wando. Cikin ma farko ƙaruwa ya yi, na ce shi ke nan, Majo ya yi kuskure, abin da ke riƙe da ni ne aka ƙwace. Ruwan Komadugu ya fara ja baya a lokacin, injuna suna ta kuka a bakin gaɓa, mata suna tsinkar tattasai suna shanyawa, fili ya yi ja har iyakar gani. Ni ina zaune ƙarƙashin tsamiya ina zagaya wuyan hannuna da yatsa biyu, in ga ko ya ƙara sirancewa. In na ga an wuce da buhu sai in ce wannan ba ni zan loda shi ba. Gwaggo ta zo ta dangwarar mini da ƙoƙon nono.

"Sha. Sabon irin bai kai nawa ba, amma ya fi kafso."

In na sha rabi ta ɗauka ta shanye sauran a gabana, tana kallona cikin ido. Kullum sai na ce ta bari, kullum sai ta yi.

Wata safiya mijinta ya ce in raka shi duba injin a ƙarshen gona. Muka je, muka kwance bututu, muka fitar da ciyawar da ta toshe shi, muka dawo. Sai da na zauna na tuna ban nemi bayan itace ba ko sau ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Tsoro nike kar in faɗa abin ya ji.

Ranar komawa Gwaggo ta ce da ita za a je. Muka zauna bisa benci a baranda. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai in karanci fuskarsa. Wani ya fito yana gyara hula, wata ta fito ta wuce takalminta, sai da aka bi ta da shi. Da aka kira ni, na tashi na shiga.

Mace ce a ciki, babba, da takarda a gabanta. Ta ce in zauna. Na ce a tsaye ma ya yi.

"Ba mu ga komai a jininka ba."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Ta ce in dawo bayan 'yan watanni a ƙara aunawa saboda allurar nan, haka ƙa'ida take. Cikina kuma, ta ce, abin da aka daɗe ana ɓatawa ba ya gyaruwa a mako, wataƙila in daɗe ina fama. Gaskiyarta. Har yau in na ci mai da yawa sai na ji a jikina, kuma watannin nan da ta ce, kowane da nasa tsoron na yi shi.

Na fito na gaya wa Gwaggo. Ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "To. Saura irina." Amma na ga ta goge ido da bakin gyale.

Muka biyo ta unguwarmu. Daga bakin layi ina hango ƙofar gidanmu, labulen buhu yana motsi, hayaƙin girkin rana yana tashi. Gwaggo ta ce mu shiga. Na taka, na tsaya. Na san in na shiga yanzu Inna za ta ce a kawo mini ruwa, kuma na san kofin da za a kawo. Ko da takarda a aljihuna, hannun ƙanwata zai riga bakina, ta miƙo shi. Ba na son in ga fuskar Inna lokacin da za ta gane, ba na son ita ma ta ga tawa.

"Gwaggo, ba yau ba."

Ta dube ni, ba ta matsa ba. A tasha na roƙi biro wurin mai shayi, na yago gefen kwalin sukari. Rubutuna na wanda ya gudu daga lakwal ne, amma ƙanwata ta saba da shi. Na ba wani ɗan kabu-kabu na layinmu, na ce hannunta da hannunsa.

"Ke sarkin baki. An auna jinina a likita, ba ita ba ce. Kafso ne ya ɓata mini ciki. Takardar tana wurina, za ki karanta da kanki. Zan ƙara kwana biyu wurin Gwaggo, ina samun sauƙi. In kin ga Oga ki ce ya yar da shuɗin bido. Ki gaya wa Inna a hankali, ki ce ban yi fushi ba. Ranar juma'a zan zo. Kafin nan ki kwance zaren nan, ki jefa kofin cikin sauran, ki cakuɗa su yadda ko ke ba za ki gane shi ba."